Yadda ake saita gudun silindar iska

Wannan na ƴan uwa ne da ke aiki a masana'antun Jidda, musamman sababbin hannu. In ka ji sandan silinda yana buga ƙarshensa kamar guduma, ga gyaran.

1. Rufe bawul ɗin iska, ka saki ragowar matsin har allurar geji ta koma sifiri. Kafin nan, kada hannunka ya kusanci injin.

2. Zubar da ruwan da ya taru a kofin tace iska. Danshin Bahar Maliya ba ya barin kofin nan ya bushe.

3. Duba bawul ɗin rage gudu da ke bakin silinda. Iskar da ke fita ake shaƙewa, ba mai shiga ba. Nan mutane da yawa ke kuskure: iska abu ce mai matsuwa, in ka shaƙe mai shiga, sai sandan ya riƙa tafiya yana tsayawa yana zabura. Mai fitar da aka riƙe a gaban fistan, wato faifan da ke tura sandan a cikin silinda, ita ke zama masa birki.

4. Ɗaure sukurun bawul ɗin rage gudun har ƙarshe, sannan ka kwance shi zagaye ɗaya.

5. Buɗe iska a hankali, ka kai matsin bar 6 a geji (bar shi ne ma'aunin matsi).

6. Gwada. In ya yi nawa, ƙara kwance rubu'in zagaye, har gudun ya yi maka. Sai ka ɗaure notin da ke riƙe sukurun.