Yadda Ake Gyara Saitin Bindigar Farauta Mara Nauyi

Maharban da ke bin tumakin dutse a Alaska ko barewa a dazuzzukan Finland sun fi son bindigar da ba ta wuce kilo 3 ba, irin su Tikka T3x Lite, domin wanda zai wuni yana hawan tsauni ya san darajar kowane giram da aka rage masa. Sai dai rashin nauyin yana da farashinsa: bututun siriri ne, yana saurin ɗaukar zafi, kuma naushin da bindigar ke yi wa kafaɗa ya fi na mai nauyi ƙarfi ko da harsashin iri ɗaya ne.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar babu harsashi a ciki, sannan a duba sukurorin da suka haɗa ƙarfen bindiga da ƙotarta, da waɗanda suka riƙe madubin saiti. Sau da yawa matsalar ba ta wuce sukuru ɗaya da ya saki ba. A ɗaure su daidai da ƙarfin da kamfanin ya rubuta, domin ɗauri fiye da kima yana iya lanƙwasa jikin madubin.

Daga nan sai a duba zaman bututu a cikin ƙota. A ɗauki takarda siririya a zura ta tsakanin bututun da ƙotar, a ja ta daga gaba zuwa gindi. Idan ta maƙale a wani wuri, to a nan ƙotar take taɓa bututun, kuma duk lokacin da ƙarfen ya yi zafi ko katakon ya sha danshi, wurin da harsashi ke sauka zai sauya. Ana goge wurin da sanfefa a hankali har takardar ta wuce. Amma a yi hattara, domin wasu kamfanoni da gangan suke barin ɗan tudu a ƙarshen ƙota don ya tokare siririn bututu, kuma akwai bindigogin da suka fi harbi daidai da shi. Saboda haka ina ganin bai kamata a goge komai ba sai an gwada harbi an adana sakamakon, tunda abin da aka goge ba ya dawowa cikin sauƙi.

Gwajin kansa shi ne inda mutane da yawa suke kuskure. Siririn bututu ba a yi shi don harbi goma a jere ba. A kafa allo a nisan mita 100, a toshe kunnuwa, a harba uku, sannan a jira har sai an iya riƙe bututun da hannu ba tare da jin ɗumi sosai ba. Idan ramukan uku sun taru a cikin faɗin da bai wuce santimita 3 ba, kuma hakan ya maimaitu sau da dama, bindigar ta isa farauta. A riƙa yi wa ramin farko alama ta daban, domin a daji harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne ke yanke hukunci tsakanin kisa mai tsabta da barin dabba ta gudu da rauni. A kuma gwada harsasai daban-daban, misali masu nauyin giren 150 da 165 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi) idan bindigar mai cin harsashi samfurin .308 Winchester ce, domin kowane bututu yana da wanda ya fi karɓa. Abu ɗaya kawai ake sauyawa a kowane gwaji.

Kunama mai tauri tana jan bakin bindiga mara nauyi gefe kafin harsashi ya fita. Nauyin ja na kimanin kilo 1.5 ya wadatar, kuma wannan aiki ne na ƙwararren mai gyaran bindiga, domin kunamar da aka sassauta fiye da kima tana iya tashi da kanta idan bindigar ta faɗi.

Saura maharbin. Kada a taɓa ɗora bututu a kan dutse ko reshe. Ƙotar gaba ake ɗorawa a kan jakar baya ko buhun yashi, a riƙe ta da hannu don kada ta yi tsalle, a kuma manna gindin a kafaɗa da ƙarfi iri ɗaya kowane lokaci. Wanda ya lura yana runtse ido kafin ƙarar ta fito, to ya sa wa gindin ƙotar roba mai laushi, ya kuma riƙa atisayen jan kunama da bindiga babu harsashi, idonsa a buɗe a kan allo, har sai alamar saitin ta daina motsi a lokacin da kunamar ta saki.