Ɗalibi mai addini da darasin falsafa: daga ina ake kama bakin zaren

Duk wanda ya shiga jami'a a Najeriya, ko likitanci ya je karantawa ko lissafin kuɗi, sai ya gamu da falsafa da mantiƙi, wato ilimin auna hujja, cikin darussan da ake ɗora wa kowa. Yaranmu na Agege da Idi-Araba da Obalende da ke zuwa Jami'ar Legas a Akoka, ko ta jiha a Ojo, su ma ba a ɗauke musu ba. Ba a daɗe da fara lacca sai malami ya rubuta a allo: ta yaya ka san ba mafarki kake yi ba? Ko kuwa: in Allah mai iko ne kuma mai jinƙai, daga ina sharri ya fito? Wasu su toshe kunne, su haddace takardar malami su wuce jarrabawa. Wasu su koma gida da tambaya tana cin su, suna kunyar faɗa wa kowa. Ciwon nasu ɗaya ne, ba a koya musu kwance hujja ba.

Shi ya sa da mantiƙi ake farawa, tarihin Girkawa ya jira. Ilimin ba baƙo ba ne a wajenmu. Shehu Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare halascin karanta mantiƙi a musayar baitoci da Imamu Suyuɗi, wanda yake ganin haramcinsa. Mai Ahalarin nan da ka karanta a Islamiyya shi ne kuma ya rubuta Sullam, gajeren waƙe a kan mantiƙi, kuma a ciki ya kawo saɓanin da kansa: Ibnu Salah da Nawawi sun hana, wasu sun ce ya kamata a sani, shi kuwa ya rinjayar da halascinsa ga mai lafiyayyen hankali da ya saba da Alƙur'ani da Sunna.

Ware mako huɗu ka koyi abu ɗaya: raba ginin hujja da gaskiyar muƙaddimominta, wato maganganun da aka ɗora sakamakon a kansu. Duba wannan. Duk mazaunin Agege yana jin Yarabanci. Musa mazaunin Agege ne. Don haka Musa yana jin Yarabanci. Ginin ba shi da aibi, amma muƙaddimar farko ƙarya ce, akwai wanda jiya ya sauka daga motar Katsina. Ga wata kuma. Duk mai sayar da tumatir a Mile 12 yana tashi da asuba. Musa yana tashi da asuba. Don haka Musa tumatir yake sayarwa. Nan ko da maganganun biyu gaskiya ne, ginin ya karye, wataƙila Musa ladan ne. Kullum ka kwance hujja uku irin haka, daga rediyo ko gardamar WhatsApp ko bakin 'yan ciniki, har ido ya saba. Hujja ba ta tilasta ka sai gininta ya inganta kuma duk muƙaddimominta sun tabbata.

A cikin makonnin nan kuma ka zauna gaban malami ka karanta ƙaramin littafin tauhidi tun daga farko har ƙarshe. A zaurukan da ake karanta Ummul Barahin na Sanusi, wanda ya rasu a 1490, darasin farko shi ne hukuncin hankali uku: wajibi, korarre (wato abin da ba zai yiwu ba), da mai yiwuwa. In malamanku wani littafin suke bi, bi nasu. Abin nema shi ne ka san me addininka ya ce da kuma abin da bai ce ba, domin ɗalibai da yawa suna shan wahalar kare maganar da ba kowa ya ɗora musu ba. Bahaushe Kirista ya nemi littattafan manyan malaman Kirista Agustin da Tomas Akwinas wajen fastonsa ko fada, sun taɓa kusan duk tambayoyin nan.

Sai littafin rubutu. Raba kowane shafi gida uku: abin da marubuci ya ce, dalilin da ya bayar, da muƙaddimar da kake tuhuma. Shafi biyar a zama ɗaya ya isa, minti arba'in bayan sallar asuba. Kada ka yaudari kanka da karatu cikin motar danfo a cunkoson gadar Third Mainland, kwandasta na ihu, wayarka na ƙara. Falsafar da aka karanta rabi-rabi ita ce mai barin tambaya a kai ba tare da amsarta ba.

Mu gwada da matsalar sharri, tunda ita ta fi girgiza ɗalibai. Yadda masanin falsafa J. L. Mackie ya tsara ta a 1955: Allah mai iko ne a kan komai, mai alheri ne tsantsa, ga kuma sharri a duniya, kuma wai ukun nan ba sa haɗuwa. Rubuta su a jere ka duba da kyau. Babu karo a tsakaninsu sai an ƙara ta huɗu, cewa mai alheri yana kawar da duk sharrin da zai iya kawarwa. Mackie da kansa ya yarda sai an ƙara irin wannan. To a gida na uku nan za ka sa alƙalami. Uwa takan riƙe ɗanta a yi masa allura yana tsala ihu, ba wanda ya ce mata muguwa. Ke nan mai yiwuwa ne a bar wata cuta saboda wata hikima, kuma yiwuwar kaɗai ta isa ta warware da'awar karo. Alvin Plantinga ta ƙofar zaɓin ɗan Adam ya bi a 1974, Musulmi kuma yana da babin jarrabawa da hisabin lahira. Amma kada ka yi saurin buga ƙirji. William Rowe a 1979 ya sauya salon tambayar: ya bar zancen karo, ya ce yawan wahalar da ba a ga amfaninta ba alama ce mai nauyi. Wannan hujja ce dabam, amsarta dabam, kuma muƙaddimar da ake tuhuma a cikinta ita ce ko rashin ganin hikima daidai yake da rashin hikimar.

Haka za ka yi wa hujjojin da ke gefenka, ba sani ba sabo. Duk fararre, wato abin da yake da farko, yana da mai fararwa, duniya fararriya ce, don haka tana da mai fararwa. Mai cewa to wa ya halicci Allah bai karanta muƙaddimar farko da kyau ba, fararre aka ce, ba a ce duk samamme ba. Sai dai hujjar a mahalicci ta tsaya, ba ta kai ka ga annabci ko tashin ƙiyama, waɗannan da nasu dalilan. Wanda ya ɗora mata kayan da ba nata ba, ranar da aka nuna masa sai ya zaci komai ya rushe.

Bayan mako huɗun, karanta littafin Munƙiz na Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, kafaɗa da kafaɗa da tunane-tunane shida na Dekat, Bafaranshen da ya buga nasa a 1641. Gazali ya riga shi tuhumar gani da ji: inuwa kamar a tsaye take alhali tafiya take, tauraro kamar dinari alhali ya fi ƙasa girma, har zancen mafarkin ma ya kawo. Ya ce kusan wata biyu ya yi cikin wannan hali. Shi ne kuma ya ce rushe mazhaba kafin a fahimce ta harbi ne cikin duhu, ya kuma yi kashedi da jahilin masoyin addini da ke ƙaryata lissafin husufi da sunan kare Musulunci. A littafinsa Tahafut mas'ala ashirin ya ɗauka daga maganganun masana falsafa, uku kacal ya kafirta su a kansu, Ibnu Rushdi kuma, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani mas'ala bayan mas'ala.

A jarrabawa ne ake yawan faɗuwa a banza. An ce ka bayyana hujjar masanin falsafa Hume a kan mu'ujiza, kai kuma ka cika shafi biyu da wa'azi. Rubuta cewa Hume ya ce kaza saboda kaza, sannan ka nuna inda ginin ko muƙaddimar ta yi rauni. Malamai sun daɗe da cewa hikaito maganar kafirci ba kafirci ba ne.

Ka kuma koyi raba shubuha, wato hujja mai jefa shakka, da waswasi, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Shubuha tana rubutuwa a muƙaddimomi, kuma in an amsa ta takan kwanta. Waswasi kuwa ko an amsa sai ya dawo da kaya iri ɗaya, galibi ana tsakiyar salla ko an kwanta barci. A Sahihu Muslim sahabbai sun kai kukan abin da suke ji a ransu wanda suke jin nauyin furtawa, Annabi (SAW) ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Irin wannan neman tsari ake yi a bar shi. Shubuhar kuwa a rubuta ta da kwanan wata, a kai ta zaman mako, mutum huɗu ko biyar, a sa ɗaya ya tsaya wa hujjar iya ƙarfinsa minti goma kafin kowa ya ce uffan. Wadda ta gagari zaman sau biyu a jere, a ɗauki littafin a kai wa malamin da ya karanta mantiƙi, a nuna masa muƙaddimar da aka maƙale a kanta.