Kurakuran da ke ɓata gyaran rubutu na haɗin gwiwa a kwamfuta

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga duk sabon da aka haɗa mu aikin duba rubutu, shi ya sa na ga gara in rubuta ta wuri guda, wanda ya tambaya a miƙa masa.

Laifin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ba mutum takarda ya duba, ya shiga gyara bai kunna bin sawun gyara ba. A Microsoft Word abin yana ƙarƙashin Review, an rubuta masa Track Changes, ko ka danna Ctrl da Shift da E lokaci guda. A Google Docs sai ka sauya daga Editing zuwa Suggesting a kusurwar sama ta dama. In ka kunna, kalmar da ka goge za ta tsaya da layi a tsakiyarta, wadda ka ƙara ta fito da launi, ga sunanka a jiki. In ba ka kunna ba, mai rubutu ba zai ga alamar abin da ka taɓa ba.

Wani abokin aiki ya taɓa dawo mini da rahoto tas, ba alamar komai, ya ce waƙafi kawai ya daidaita. Ashe inda na rubuta "za a iya biyan kuɗin a wannan shekara", shi ya ga jimlar ta yi tsawo, ya mayar da ita "za a biya kuɗin a wannan shekara". Kalma ɗaya ta fita, mai yiwuwa ya koma alkawari. Takarda ta isa hannun waɗanda abin ya shafa, suka riƙe mu da maganar da ba mu yi ba, kuma sunana ne a ƙasa. Da na tare shi sai ya ce ai shi taimako ya yi. To, malam, taimakon da ba a ganin sawunsa ka riƙe abinka! Tun daga nan duk fayil ɗin da ya dawo mini fes, sai na haɗa shi da na asali ta hanyar Compare, Word ya fito da bambancin kalma bayan kalma. Kafin in tura wa wanda ban san halinsa ba kuwa, nakan kulle bin sawun da kalmar sirri ta Lock Tracking. Wasu na ganin rashin yarda ne. Su gani.

Na biyu ya ma fi haɗari, wato ɗaukar ɓoyewa a matsayin gogewa. Mutum ya ga shafi ya cika da jan rubutu, sai ya zaɓi No Markup, komai ya yi tsaf, ya tura. Gyaran yana nan daram, da duk sharhin da kuka yi wa juna a gefe, har da wanda aka rubuta cikin fushi. Wanda ya karɓa yana danna All Markup zai ga komai. Wannan bai bar manya ba. A watan Oktoba na 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton mai bincikenta, Detlev Mehlis, kan kisan tsohon firaministan Lebanon, Rafik Hariri, a fayil ɗin Word. 'Yan jarida suka buɗe sawun gyaran, suka ga sunayen manyan jami'an Siriya da aka cire daga rubutun ƙarshe, ciki har da Maher al-Assad da Assef Shawkat. In haka ta faru da su, kai wane ne da za ka tura takarda ba ka leƙa ba?

Gyara ba ya fita sai an karɓe shi ko an ƙi shi. Ni dai ga al'adata: in buɗe All Markup, in bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, in share sharhi gaba ɗaya, in ajiye kwafi, sannan a kan kwafin in shiga File, in je Info, in sa Inspect Document ya kwashe abin da ya rage. A kan kwafi nake yi domin abin da ya kwashe ba lallai ne ya dawo ba. In PDF za a tura ma, sai na buɗe shi na gani da idona, domin Word yakan zuba jan rubutun a ciki idan aka bar shi a bayyane.

Sai masu raba fayil ɗaya ga mutum huɗu ta imel, kowa ya gyara nasa, a wayi gari da "rahoto na ƙarshe", da "na ƙarshe sabo", da "na ƙarshe wannan ne". Combine na Word yana haɗa su, amma biyu-biyu, kuma in mutum biyu sun taɓa jimla ɗaya sai ka zauna ka raba gardama. Ko dai a ɗora fayil guda a OneDrive ko Google Docs kowa ya shiga nan, ko a bi layi, wannan ya gama ya miƙa wa wancan. Sunan fayil kuma a sa masa kwanan wata.

Akwai ƙanana. Kada ka danna Accept All don ka gaji, ba ka san abin da ka sa wa hannu ba. Kada ka goge sakin layi sukutum ka sake rubutawa don kalma biyu, mai dubawa zai ga ja ne kawai. Tambaya da ƙorafi a sa su a sharhin gefe, Ctrl da Alt da M ne, ban da cikin rubutu, inda wata rana za a buga "wannan adadin daidai ne kuwa?" a tsakiyar shafi. Ka duba sunan da kwamfutarka ke sa wa gyara, musamman in ta aro ce. Kada ka rufe sharhin wani ba ka ba shi amsa ba.

Replace All kuwa a yi hattara da shi. Ka ce a mayar da duk "kasa" zuwa "ƙasa", sai ka tarar da "ya ƙasa zuwa" da "ƙasafin kuɗi" sun bazu ko'ina. Ka bi su ɗaya-ɗaya ko da za ka daɗe.

Bayan an karɓi duk gyara, a sake karanta takardar daga farko ba ja a cikinta. A daidai mahaɗar tsohon rubutu da sabo ne ake samun kalmomi biyu sun manne, ko tazara ta ninka, ko "da da" a jere, kuma ido ba ya kama su muddin launuka na kan shafi.