Yadda ake busar da zoɓo a adana shi ba tare da launinsa ya mutu ba

A ƙasar Daura, daga Sandamu zuwa Zango, Baure da Mai'adua, da wuya ka ga gonar gero ko ta gyaɗa da ba a zagaye ta da yakuwa ba. Da can kan iyaka ake shata da ita, mata su tsinki ganyen miya, a bar sauran. Yanzu zoɓo ya zama kayan fita waje. Daga kasuwannin ƙauye ake tara shi zuwa Dawanau a Kano, daga nan sai tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma Meziko na cikin manyan masu saye. Abin da ke damuna shi ne manomi ya sha wahalar damina gaba ɗaya, sannan ya zubar da rabin kuɗinsa a cikin mako biyu na shanya. Ga yadda nake yi, daga gona har buhu.

Fara da lokacin cira. Bayan fure ya faɗi da kamar mako uku, zoɓon ya cika, ya yi kauri, kwanson da ke cikinsa bai riga ya tsage ba. Lokacin ke nan. In ka bar shi a kan kara har kwanso ya fashe, gurguzu zai zube a ƙasa, zoɓon kuma ya sha rana da raɓa kwana da kwanaki ya dushe. Ka shiga gona da hantsi bayan raɓa ta ɗauke. Kuma kada ka cusa abin da ka ciro cikin buhun leda ka ɗaure, domin ɗanyen zoɓo yana ɗaukar zafi cikin sa'o'i kaɗan. Kwando ko buɗaɗɗen buhu ya fi.

Sai ɓara, wato raba zoɓon da kwanson iri. Nan ne aikin yake, kuma galibi iyayenmu mata da yara ke yin sa. Wasu sukan sare karan gaba ɗaya su jingine shi ya sha iska kafin a ɓare, saboda ya fi sauƙi a hannu. Ni dai na fi son a ɓare shi yana ɗanye, a ranar da aka ciro ko washegari. Dalili kuwa, kwanson yana riƙe danshi a tsakiya, wajen ya bushe ciki na jiƙe, daga nan fumfuna ke farawa. Ana tsaga gefe da wuƙa a zare kwanson, ko a sami ɗan bututun ƙarfe mai kaifin baki a tura ta gindi ya fito da shi, zoɓon ya fita da siffarsa. Mai saye ya fi son manya-manya a kan gutsattsari. Kwanson yana da ƙananan gashi masu ƙaiƙayi, tsamin kuma yana cin yatsu, don haka safar hannu ba ƙawa ba ce. Gurguzun a shanya shi daban, na iri a ware, saura a yi daddawar batso.

Tun a wurin ɓara ka raba ja da fari, ka raba mai duhu da mai haske. In suka haɗu a buhu ɗaya, farashin mafi arha za a ba ka.

Yanzu shanya. Kada zoɓo ya taɓa ƙasa, ko da ƙasar ta sha shara. Ɗanyensa yana da ɗan danƙo, rairayi na manne masa, kuma ba sheƙar da za ta fitar da shi duka daga baya. Wanda ya taɓa shan zoɓo ya ji ƙasa a haƙori ya san abin da nake nufi. Gefen kwalta ma ba wurin shanya ba ne, ga hayaƙin mota ga kashin awaki. Haka kwanon rufi: yana zafi fiye da kima ya ƙona launin, tsamin zoɓon kuma yana cin ƙarfe. Abin da ya fi shi ne ka kafa 'yar rumfa da ta kai ƙugu, ka shimfiɗa zana ko asabari, ka ɗora tabarma mai tsabta, iska ta riƙa bi ta sama da ƙasa. In babu hali, wankakken tamfol a kan daɓe ya wadatar.

Baza shi fale-fale, kada ya hau kan juna. Juya shi sau biyu ko uku a yini da hannu mai tsabta. Mu a nan Allah ya ba mu hunturu daidai lokacin kakar zoɓo, iska busasshiya tana yin rabin aikin, cikin kwana huɗu zuwa mako yakan bushe. Amma hunturun yana zuwa da ƙura, saboda haka ranar da hazo ya yi yawa a lulluɓa masa gidan sauro ko yadi mai shara-shara. Zafin rana tsaka kuwa shi ke kashe jan. Sinadarin da ke ba zoɓo launi ba ya jure zafi da haske mai yawa. In kana son ya fito ja wur mai sheƙi, ba shi ranar safe ta kwana biyun farko, sauran kwanakin ya ƙarasa a inuwa mai iska. Kullum kafin magariba a kwashe a shigar ɗaki, raɓar dare ɗaya tana mayar da aikin yini baya, ta kuma sa shi baƙi.

Kada ka firgita da yadda yake raguwa. Kusan kilo 10 na ɗanye ne ke ba da kilo 1 na busasshe. Wannan raguwar ce ke sa wasu gaggawar ɗurawa a buhu da sauran laima don ya yi nauyi a sikeli, dillalai kuwa sun daɗe da gane wannan, hannu kawai za su zura tsakiyar buhu.

Gwajin bushewa mai sauƙi ne. Damƙi cikin hannu ka matse. In ya yi ƙara ya karye, ya bushe. In ya lanƙwashe kamar fata, da saura. Duba gindinsa musamman, nan ne ya fi kauri kuma shi ne ƙarshen bushewa. Masu fitarwa waje suna neman danshin da bai wuce kashi 12 cikin 100 ba.

Akwai mataki ɗaya da yawancinmu ke tsallakewa, ni ma na tsallake shi wata shekara, buhu uku suka yi fumfuna a tsakiya alhali samansu ƙamas. Ba kowane ƙwaya ke bushewa daidai da ɗan'uwansa ba. Saboda haka bayan ka kwashe, bar shi ya huce a inuwa, kada ka ɗura shi da zafin rana a jikinsa. Tara shi a kan tabarma cikin ɗaki mai iska, rufe da yadi, ka riƙa motsa shi kullum har kwana biyar ko mako, danshin ya daidaita tsakaninsu. A lokaci guda cika kwalba mai murfi da shi ka rufe ka ajiye. In da safe ka ga gumi a jikin kwalbar, ko zoɓon ya yi laushi, mayar da duka shanya yini ɗaya ko biyu. Hancinka ma alƙali ne: ƙamshin tsami mai daɗi ake so, ba warin ɗaki mai laima ba.

Daga nan a sheƙe da faifai, a tsince kara, kwanso da tsakuwa. Ɗura a sabon buhu, ba wanda ya taɓa ɗaukar taki ko hatsi mai ƙwari ba. Meziko ta taɓa dakatar da sayen zoɓon Najeriya saboda ƙwaron ajiya da aka samu a cikin kaya, kuma irin wannan ƙwaro daga tsohon buhu da sito marar tsabta yake shiga. Kada ka danna da ƙafa, zai dagargaje. Kada kuma, don Allah, a fesa masa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari. Abin sha ne, yara za su sha shi da azumi da ranar suna.

Jera buhunan a kan katako, nesa da bango, a ɗaki mai duhu da iska, ba tare da kananzir, fetur ko albasa a kusa ba, don yana ɗaukar wari. Na amfanin gida a zuba a bokiti mai murfi. Duk wata ka kwance buhu ɗaya ka zura hannu har tsakiya, musamman in bazara ta ƙarato iska ta fara ɗaukar laima. In ka ji ya fara laushi, fito da shi ya sha hantsi ɗaya, ya huce, ka mayar.