Yadda za ka gane ko fim ya riƙe amanar littafin da aka ɗauko shi

Da farko dai karanta littafin kafin ka kunna fim ɗin, in ka daɗe rabonka da shi to sake dubawa, don yawancin masu cewa "ai sun ɓata labarin" tun suna sakandare rabonsu da shi. Kana gamawa ka rubuta a layi ɗaya abin da ya fi tsaya maka a rai. Wannan layin za ka auna fim ɗin da shi.

Ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Malam ne zaune gaban almajiransa yana ba su labarin kansa, yadda aka sace shi yana yaro, Balarabe Abdulkarim ya ƙetara sahara da shi ya ba shi karatu, ita kuma uwarsa ta bazama nemansa har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Duk wannan bala'in a natse yake faɗinsa, ba ihu ba kuka, haƙuri kawai da tawakkali. To in kana kallo abin da za ka sa wa ido kenan, natsuwar nan tana nan ko an cika wajen da kiɗan tausayi don a matso maka hawaye dole?

Kar ka zauna kana ƙirga sin-sin ɗin da aka yanke, wallahi ɓata lokaci ne, fim ɗin awa biyu ba zai ɗauke kowane shafi ba. Duba dai me aka yanke ɗin. In an cire wata doguwar tafiya ba komai, amma in aka rage wahalar uwar nan to an taɓa zuciyar labarin.

Sai jarumi. Manta da kamannin da ka zana a kanka. A shirin da NTA ta yi a 1987 daga littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, Pete Edochie ne ya fito a Okonkwo, jarumin labarin, kuma gemu da muryar ba su ne ma'auni ba, je ka kalli wajen kisan Ikemefuna, yaron da yake riƙo, ka ga ko za ka hango tsoron da ke cin Okonkwo, kar a ce rago ne irin ubansa Unoka.

In da hali ku kalla da wanda bai taɓa karanta littafin ba, a ƙarshe ka ce ya faɗa maka abin da ya fahimta, sai ka gwada da layin da ka rubuta.