Bindigar fenti tana yoyon iska? Kar ka yi saurin ɗaukar kile (sufana)

Abu na farko da mutanenmu ke yi in sun ji bindigar fenti, ta wasan harbi da ƙwallayen fenti (paintball), tana "tsiii" shi ne su ƙara matse butel ɗin gas ɗinta da ƙarfin tsiya, to wallahi ta nan ake ƙarasa lalata ta. Ka tsaya tukuna. Cire akwatin ƙwallaye, duba ko akwai guda da ta maƙale ciki, rufe bakin bututu da safarsa, sa mas na kariya a fuskarka, sannan ka kasa kunne ka ji daga ina iskar ke fita.

In kunne ya kasa, yi dabarar mai faci. Ruwan omo a kofi, ka shafa da tsohon buroshin haƙori a duk mahaɗa, inda kumfa ta taso nan ne ciwon.

Galibi a gindin butel za ka same shi, inda yake shiga bindiga. Akwai ƴar robar zobe a bakin bawul ɗin, juwan kenan, lambarta 015, ita ke tsagewa ko ta bushe, ballantana a nan Marwa ta Kamaru da zafi da ƙurar hunturu ba sa barin roba ta yi tsawon rai. Cire ta da tsinken sakace, ba da allura ko wuƙa ba don kar ka karce tagullar, ka sa sabuwa da ɗigon mai guda. Baƙar juwan ɗin da ake samu wajen masu kayan babur in ta zo daidai za ta fitar da kai kunya na yini ɗaya, amma gas ɗin CO2 na kumbura ta, ta uretan ita ce mai jurewa, in wani zai taho daga Duwala ko Kano ka ce ya riƙo maka da yawa. Kuma abin da ke yanka ta tun farko shi ne kwance butel alhali iska na cike a bindiga. Ka juya shi baya kaɗan, ka harba babu ƙwallo har ƙarar ta mutu, sannan ka ƙarasa cirewa.

Nan kuma dan Allah a kula. Ka ja layi da jan farce daga jikin butel zuwa kan bawul ɗin tagullar. Ranar da kana kwancewa ka ga layin ya rabu biyu, bawul ne ke fita daga butel ba daga bindiga ba, tsaya cak, don butel mai gas in ya kuɓuce tashi yake kamar roka, ya taɓa kashe mutane a Amurka.

In ta bututu iskar ke fita, fara da ɗana bindigar kafin ka sa butel, da yawa wannan kaɗai ne. Bai daina ba? Ɗigo uku na man bindigar fenti a mashigar iska, cire bututu, ka harba wofi kamar sau ashirin. In har yanzu tana huci to robar cikin bawul ta gaji, sai canji. Man inji, man keken ɗinki, WD-40, duk ka bar su inda suke, suna cin roba. Shi kuwa butel na iska matsattsiya, mai matsin psi 3000 ko 4500, ko ɗigon mai kada ya shiga ramin da ake cika shi, mai da wannan matsin wuta suke haifarwa.

Wani abokin wasanmu ya bar butel ɗin CO2 a but ɗin mota cikin watan Afrilu, muna shan shayi sai muka ji ƙara, iska ta fice tas. Ba lalacewa ya yi ba, ɗan faifan kariya ne da ke gefen bawul ya fashe. CO2 yana wajen psi 850 a zafin digiri 21, mu kuwa muna haura 40. Ya so ya toshe ramin da bis, wato ƙusa mai zare, muka hana shi. Faifai mai lamba iri ɗaya ake mayarwa, butel kuma a inuwa.

Sai sassan da ke girgiɗi. Bindiga samfurin Tippmann 98 ɓari biyu ce da aka haɗa da bis, harbi na sassauta su a hankali. Matsalar ita ce kan bis ɗin awon inci ne, kile alen na kasuwarmu kuwa milimita, mai lamba 3 zai shiga ramin 1/8 kamar ya yi, sai ya cinye kan. Nemi na inci. Wanda ke yawan kwancewa ka ɗiga masa gam ɗin riƙe bis na Loctite, shuɗi, ban da ja, ja sai da wuta yake fita. Farin tef na masu famfo a zaren mahaɗar tiyo kawai, zagaye biyu ko uku, ba a zaren butel ba. In za ka buɗe cikinta shimfiɗa farin zane ka kwantar da ita, ka ɗauki hoto da waya da zarar ka ɗaga murfin, don ƙananan sifirin ɗin kunama tsalle suke, in ɗaya ya faɗa yashi sai dai haƙuri.

Kana gamawa ka gwada gudun ƙwallonta a na'urar awo, kada ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa. In kuma wajen wani za ka kai ta gyara, raba bututu da butel ka zuba a jaka rufe, jandarman da ke shingen hanyar Kusiri ba zai gane ta wasa ce daga nesa ba.