Zawon yaro ba "haƙori" ba ne: yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari daidai

Da zarar jariri ya kai wata shida ya fara zawo, a Birni ne ko Zango ko Garin Malam, unguwannin Damagaram, magana ɗaya za ki ji: "Haƙori ne, zai wuce." Ga kuma saƙonnin murya na WhatsApp, wannan ya ce a fasa kafso a koko, waccan ta ce a ba shi lemun kwalba. Fitar haƙori dai tana zuwa ne daidai lokacin rarrafe da fara cin abinci, duk abin da yaro ya tsinta sai baki. Ƙwayar cuta ke kawo zawon, abin da ke kisa kuwa ƙarewar ruwan jiki ne.

Mafi inganci wajen mayar da ruwan jiki shi ne garin SRO, wato haɗin gishiri da sukari na leda da ake samu a CSI (cibiyar lafiya) ko farmasi, don yana da sinadarin fotasiyam wanda haɗin gida ba shi da shi. Duba jikin ledar: in ta lita 1 ce, ki juye ta duka a lita 1. Kada ki raba garin da ido.

In dare ya yi babu SRO, ki wanke hannu da sabulu, ki auna ruwa lita 1, wato ledar ruwan sha biyu masu rabin lita. Ruwan ga-ruwa ko na bidon da ya kwana, a tafasa shi ya huce tukuna. A Damagaram ruwa yakan bi hannu da yawa kafin ya iso randa. Zuba sukarin gari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi, kowanne a shafe bakinsa, ba tozo ba. Dama har ya narke, ki ɗanɗana. In ya fi hawaye gishiri, zubar ki sake.

Awon nan ba ƙa'idar banza ba ce. Sukari ne ke jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa ya bi su zuwa jini. In sukari ya yi yawa, kamar a lemun kwalba, sai ya janyo ruwan jiki zuwa cikin hanji, zawon ya ƙaru. Yawan gishiri ya fi haka haɗari, yana iya sa jariri jijjiga.

Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi cokalin shayi 10 zuwa 20 bayan kowane zawo, cokali-cokali, ba ɗura ba. Daga shekara 2 zuwa 10, a ninka. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar. Nono kuwa kada a tsayar, abinci ma haka.

Ki nemi ƙwayar zinc: miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. Iyaye da yawa sukan daina ba shi da zarar zawon ya tsaya, alhali sauran kwanakin ne ke kare yaro daga dawowarsa a watannin gaba.

Batun maɗiga yana buƙatar a tsaya a kansa. In ta faɗa, ba abin da za a shafa a ka da zai ɗago ta. Ruwan jiki ne ya yi ƙasa sosai. Wannan, ko idanu su zurma, ko ki tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa da wuri, ko ya kasa tsotso, ko jini a kashi, ko zazzaɓi, ko zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa: a goya shi zuwa likita nan take, ana ba shi ruwan a hanya. Yaro mai tamowa, wanda ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, kada a haɗa masa na gida. Nasa haɗin daban ne, ma'aikatan lafiya ne ke ba shi da awo.